Hoton Sabuwar Rijiya

Tun kafin ya tsame fim ɗin daga maganin wanki, mai hoton ya san haske ya ci shi. Da tsakar rana ya ɗauki bikin buɗe rijiyar Karare, ya manta bai tsuke idon kyamara ba, kuma babu wani hoton bikin sai shi.

"Mai hoto, Maigari fa na jira," in ji ɗan aike daga bayan ƙofa. "In ya lalace ka faɗa, gobe ma mai hoton Batsari za mu kira."

Ƙarƙashin jar fitila ya kwantar da takardar hoton cikin farantin magani yana girgizawa a hankali. Manyan da suka jeru cikin fararen riguna duk sun narke, sun zama farin fili. Amma a duhun bakin rijiyar wata fuska ta fito tar: mahaifinsa, mahaƙin rijiyar, wanda aka mayar ciki don kada taɓon jikinsa ya ɓata hoto.

Ya daɗe yana kallo kafin ya ɗaga murya.

"Gaya wa Maigari, ban taɓa wanke mai kyansa ba."