Hancin Ma'aji Garrick

Tsoho Tobias, maɗinkin filafilan jirgin ruwan yaƙi, ya ninka zare biyu, ya goga masa kaki, ya durƙusa gaban gawar ma'aji Garrick.

Gobe za su shiga tashar Halifax, inda kotun sojan ruwa ke jiran ma'ajin. Mugun ya sayar da lafiyayyen naman gishirin jirgi, ya cika ganguna da ruɓaɓɓe. Matuƙa da dama suka mutu, har da Ned, ɗan Tobias tilo. Tun ranar tsohon ba shi da buri sai ganin Garrick yana lilo a igiya. Kwatsam likita ya fito, wai zazzaɓi ya kashe Garrick, a jefa shi teku kafin cutar ta yaɗu.

Kai, ran matuƙa ya ɓaci!

"Ɗan banza ya zille wa igiya," in ji Dick mai igwa, ya tofar da yawu. "Baba, in ka zo hancin, ka soka har da namu."

Haka al'adar take. Ɗinkin ƙarshe ta hancin mamaci ake bi da shi, in da sauran numfashi ya yi ihu a kwance shi.

Tobias ya kora kowa baya. Ya ture ƙunshin da likita ya miƙo masa, ya je da kansa ya zaɓo curin dalmar igwa biyu ya ɗaure a ƙafafun gawar don ta nutse. Ya ɗinke tamfol ɗin da aka naɗe ta ciki tsam, ko yatsa ba zai shiga ba. Da ya iso fuska ya daɗe yana kallonta, sannan ya tsallake hancin ya rufe.

"Haba Baba! Wanda ya kashe maka ɗa kake tausaya wa?" in ji Dick.

"Ya isa haka," in ji Tobias.

Kyaftin ya karanta addu'a a gurguje, aka ɗaga katakon da aka ɗora ta a kai, gawa ta nutse tsundum. Can cikin hazo wani kwalekwalen masunta ya yi ta kewaya wurin.

Tobias ya koma lungunsa ya kwance ƙunshin. Itace ne mara nauyi da aka shafa wa baƙi, da 'yar wuƙar yanka ɗinki. Garrick dai da ransa, baki suka haɗa da likita don masu kwalekwalen nan su tsince shi. Abu uku ya roƙi Tobias jiya da bakinsa: itace maimakon dalma, wuƙa a tafin hannu, kuma kada allura ta taɓa hancinsa ya yi ihu. Na ukun kaɗai tsohon ya cika masa.