Ƙaya a Gidana, Tut a Bayan Katanga

Da hannun riga na jawo Balarabe mai sayar da shuke-shuke, tun daga Aƙiƙ har gidana a Bani Harisa, nan cikin Madina.

"Ga abin da ka sayar min. Duba da kyau!"

Shekara uku ke nan da ya nuna min dashen baƙin tut, wata shuka mai ƙananan 'ya'ya masu zaƙi, iri biyu, mai ƙaya da marar ƙaya. Na ce ya ba ni mai ƙayar, don ba zan shuka wa hannun kowa ba. Kullum ina ba shi ruwa, kullum yana yaga min mayafi, amma ko ɗa ɗaya ban gani ba.

"Ya Hajja, sabur, yi haƙuri. Kawo tsani."

Ya hau, ya leƙa bayan katanga, sai ya fashe da dariya.

"Me ake wa dariya, marar kunya?"

"Ranar Madina ta ƙone furen ɓangarenki. Rassan da suka tsallaka inuwar maƙwabta kuwa, masha Allah, har sun sunkuya da 'ya'ya."

Maƙwabciyar nan Tasallah ce. Bara da bana tana aiko min da ɗan kwanon tut, wai wani ɗan'uwanta ne ke kawowa daga Ɗa'ifa. Ni kuma da ba a koya min mayar da kwano wayam ba, sai in cika shi da dabino ajwa, har da addu'a.

Jama'a, ku gaya min inda ake kai ƙarar wadda ta yi min kyautar kayana.