Ɗumin Ƙafa Kafin Cikar Idda

Tun ranar da likita ya ce wataƙila a yanke masa ƙafa saboda jijiyar jini ta toshe, wani kafinta ya yi wa matarsa saki ɗaya, wai kada ta ƙare rayuwarta tana jinyar gurgu. Sai Allah cikin rahamarsa ya ba likitan sa'a, ya ciro lafiyayyar jijiya daga cinyar kafintan ya yi wa jinin sabuwar hanya.

Da matar ta zo dubiya asibiti, iddarta na gab da cika. Ta zauna a bakin gado ba ta dube shi ba, ta yaye bargo, ta ɗora tafinta a kan ƙafar.

"Alhamdu lillahi, ta yi ɗumi," in ji ta.

Ya sunkuyar da kai. "Uwar yara, kunya ce ta hana ni aika miki."

"Malam, da ƙafarka aka ɗaura mini aure? Likita baƙo ne, amma ya sada abin da ya yanke. Kai fa?"

Idanunsa suka cika da ƙwalla. "Na mayar da ke, in kin yafe."

"Na yafe. Amma ɗaga murya, na gadon kusa su zama shaidu."