Tawada a Yatsan 'Yar Kansila

Da Malam Amon Njobvu ya san abin da ke tafe, da ya bar kwalbar tawadar nan a rufe na minti ɗaya kacal.

Ranar zaɓe ce, a makarantar firamaren da yake koyarwa a ƙauyenmu, kusa da Petauke. An ɗauke shi aikin yini ɗaya, shi ne mai shafa wa masu zaɓe tawada a babban yatsa. Ƙa'idar a fili take: a duba katunanka, a kira sunanka daga rajista, sannan a shafa maka tawada, a ba ka ƙuri'a.

Layi ya kai har gindin mangwaro. Ba wanda ya ɗaura zanen jam'iyya, amma kowa ya san ɗan jam'iyyar Fatanya, ya san ɗan jam'iyyar Fitila.

Da hantsi wata mota ta tsaya. Tiyamike ce ta fito, 'yar Kansila Zimba na jam'iyyar Fatanya, wanda ke neman komawa kujerarsa.

"Ku ba 'yar Honorabul hanya!" in ji direban.

"Mu da muka zo tun asuba 'ya'yan akuya ne?" wata tsohuwa ta ce daga cikin layi. Aka yi dariya, amma ba wanda ya matsa.

Direban ya zagaya da ita ta ƙofar fita, wadda ke kusa da teburin Malam Amon. Yarinyar doguwa ce, a birni take karatu, ya daɗe bai gan ta ba.

"Ina kwana, Malam? A nan ake farawa?" Ta miƙo hannu.

Ya san ba nan ake farawa ba. Amma wa zai ce wa 'yar Kansila ta koma baya? Ya shafa mata, ya nuna mata teburin rajista.

Madam Daka, mai riƙe da rajistar, ta ce, "Ina katin zaɓenki?"

"Ga koren katina."

"Wannan na ɗan ƙasa ne, 'yata. Tun shekara sha shida ake ba da shi." Ta duba ranar haihuwa, ta ɗago kai. "Saura wata huɗu ki cika sha takwas. Sunanki ba ya nan. Je ki gida."

"Amma ƙawata ta yi ɗazu."

"Ƙawarki ba ke ba ce. Na gaba!"

Tiyamike ta fita tana sunkuyar da kai, ko takardar ƙuri'a ba ta taɓa ba. Wakilan jam'iyyun biyu suna zaune, sun ga komai. A bakin ƙofa wani ya ɗauki hoton yatsanta da waya.

Kafin la'asar hoton ya shiga kowace waya a gundumar. 'Yan Fitila suka ce ga shaida, 'ya'yan manya na dangwala ƙuri'a tun ba su kai shekarun zaɓe ba, kuma malamin da ya shafa tawadar an saye shi. Wakilinsu da ya ga an kore ta bai ƙaryata ba, don labarin ya yi musu daɗi.

'Yan Fatanya kuwa suka ce tarko ne. Ai surukin Malam Amon ɗan Fitila ne, da gangan ya shafa mata don a ɓata sunan Kansila.

Matar Malam Amon, Enelesi, ta kawo masa tuwon masara da yamma.

"Baban Chikondi, ka fito ka gaya musu ba ta yi zaɓe ba."

"Na faɗa. Waɗannan sun ce ƙarya nake, waɗancan sun ce munafunci ne."

"To mu tafi gidan yayarka a Katete."

"In na gudu ai na amsa laifi ke nan."

Bayan kwana biyu, da rana tsaka, yana dawowa daga kasuwa a kan kekensa, samari biyar suka tare shi a kan gadar katako. Sun rufe fuskokinsu da riguna.

"Malam mai kwalliya! Da wane hannu ka shafa mata?"

"'Ya'yana, ku tsaya ku ji..."

"Mu ba 'ya'yanka ba ne. Miƙo shi!"

Suka danne hannunsa na dama a kan katakon gadar, suka sa sanda. Masu wanki a rafi ne suka ji ihunsa, kafin su hauro samarin sun shige gonar masara.

A asibiti aka ce ƙashin ya karye gida uku. Yana kwance takardar dakatarwa daga aiki ta iske shi, wai sai an gama bincike. Kansila ya shiga rediyo ya ce, "Yarinya ce, ƙuruciya ce, a bar iyalina su huta." Bai ambaci sunan Malam Amon ba. An tura Tiyamike wurin gwaggonta a Lusaka. Shi kuwa mutumin da ya shekara goma sha tara yana rubutu a allo, yanzu matarsa ke ɓalla masa maɓallin riga.

Iyaye 'yan'uwana, abin da ke tsaya mini a rai shi ne samarin nan ba su girmi waɗanda ke cin tuwo a gidajenmu ba. Mu gaya wa 'ya'yanmu cewa sunan uba ba ya ƙara wa kowa shekaru. In an sa mu aikin jama'a, mu bi ƙa'ida ko ɗan wa ke gabanmu. Kuma kada mu tura labari don kawai ya yi wa ɓangarenmu daɗi, domin idan manya suka yi rigima a kan talaka take saukewa.

Har yau ba a san ko Tiyamike ta zo da kanta ko turo ta aka yi ba. Ba a kuma san ko samarin gadar 'yan Fatanya ne ko 'yan Fitila ba. Kowane ɓangare na cewa ɗayan ne.