Kwamfutar da Ta Makara da Magana

Kai da ba ka yarda a ga aikinka sai ya kammala, bari in ba ka misali. An yi wani masanin kwamfuta da neman abinci ya kai shi birni mai nisa, ya bar mahaifinsa a ƙauye, tsufa ya tafi da idanunsa. Tsohon nan ma'abocin karatu ne, ga littattafai jibge, ba mai karanta masa. Da aka fito da wata 'yar kwamfuta mai araha, wadda ɗan faifan sola ke isarta, sai ɗan ya ƙudura zai sa ta riƙa yi wa tsoho karatu da murya. Sai dai ƙwaƙwalwarta sabuwar ƙira ce, kuma babbar manhajar nan ta kyauta, wadda mutane daga ko'ina suke haɗa hannu su gina, ba a taɓa ɗora ta a kan irinta ba. Ya duƙufa yana gyaran manhajar layi-layi har ta zauna: allo ya kawo haske, maɓallai suka amsa, sauti kaɗai ya ƙi. Al'adar masu wannan aiki kuwa, in ka kai rabi ka baza a fili, wanda ya iya ya ƙarasa. Gogan naka ya ce sam, wai kada a ga gurgun aiki da sunansa. Duk sanda ya kira gida tsoho ya tambaya, "Ɗana, abin naka ya fara magana?" sai ya ce, "Saura kaɗan, Baba." Ya kashe waya, zuciyarsa na can zauren gidansu, yana hango kansa ya ajiye injin a kan tabarma, tsoho ya karkato kunne.

Damina ta wuce, wata ta zo, kaɗan ɗin nan bai ƙare ba, har Allah ya yi wa tsoho rasuwa. Da ya dawo daga zaman makoki, ba sauran wanda zai burge, sai ya baza aikin a intanet yadda yake. Kafin mako ya zagayo, wata mata a wata ƙasa mai nisa ta duba, ta ga inda ya kuskure, ta gyara, har da yi masa godiya. Ya kunna, murya ta fito tar, tana karanta shafi daga littattafan tsoho a ɗakin da ba kowa sai shi. Ya zauna yana sauraro, kewa ta cika masa ƙirji, ya kasa kashe injin. Shi ne Hausawa ke cewa, rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.