Ƙafar Baba a rafin Kaikai

Ina 'yar shekara bakwai Baba ya goya ni a bayan dogon mashin ɗinsa na malaman gona, daga Kankiya za mu Kaikai gaida kakata. An yi ruwa da hantsi, rafin hanya ya kawo. Baba ya kashe mashin, ya naɗe wando, ya shiga yana laluben ƙasa da ƙafa.

Wani makiyayi ya ce, "Malam, ai wannan mashin naka tsallakewa zai yi!"

Baba ya ce, "Shi na san ƙarfinshi. Ruwan ne ban sani ba, kuma ga ɗiyata."

Taku uku ya ƙara, ruwa ya kai masa ƙirji. Muka juyo ina kuka, ranar ko magana na ƙi yi masa.

Yau ga ni da 'ya'ya huɗu. Allah Ya jiƙan Baba.