Kukan Gambun Fijo

Abdulƙadir ya ɗaure noti na ƙarshe, ya share zufa. Tun safe yake fama da gambun tsohuwar Fijon marigayi babansa. Ƙarafan da ke riƙe da gambun sun cinye, in an buɗe sai ya yi kuka har maƙwabta su ji. Ya samo sababbi a kasuwar Gidan Rumji, tsofaffin kuwa ya miƙa wa mai sayen ƙarafa da ya wuce da amalanke.

"Inna, zo ki buɗe ki ji!"

Ta buɗe. Shiru. Ta rufe, ta sake buɗewa a hankali. Shiru.

"Ina kukan?"

"Ai na gyara, Inna."

Ta daɗe riƙe da gambun. "Babanka fa bakanike ne. Kana tsammanin gyaran ne ya gagare shi? Ni na hana. Shekara talatin, da wannan kukan nake sanin ya dawo lafiya. Tun da muka rasa shi, kullum bayan la'asar sai na zo na buɗe."

Abdulƙadir ya fita da gudu, ko takalmi babu. Mai amalanke ya daɗe da barin unguwar.